Kwamiti a Zaure, Kwamfuta a Tsakar Gida

Kowa ya ɗauka aikinmu danna maɓalli ne. Har kawuna, wanda shi ya sa ni a makaranta, in aka tambaye shi me Zulai take yi sai ya ce, "Takardu take ɗauka hoto," da irin muryar da ake ba da labarin yaron da ya faɗi jarrabawa. Ku ma 'yan matan da aka turo min bana ku koyi aiki, na ga yadda kuka shigo kuna taunar cingam, kowacce da waya a hannu, wai ai kun iya hoto tuntuni. To ku tofar da cingam ɗin nan ku zauna. Hoton da kuka iya na fuska ne, fuska kuwa ba ta yagewa don an juya ta.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma. Mutane sun ɗauka tunda littattafan da muke ɗauka ana ɗora su a intanet kowa ya karanta kyauta, to kowa ma yana da baki a yadda ake tafiyar da abin. Ba haka ba ne. Karatun na kowa ne, maganar ta 'yan tsiraru ce, kuma sai da na sha rana kafin na gane.

Ubangidana a sana'ar nan Malam Sabo ne, tsohon mai hoton fasfo. Da aka zo da aikin ɗaukar tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, waɗanda ke jibge a gidajen cikin gari, shi aka ba kyamara. Bai daɗe ba ya gano rabin littattafan suna ɗakunan mata, a gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Shi ne ya nemi yarinya. Kada ku ɗauka don ƙwaƙwalwata aka ɗauke ni. Don ina iya ɗaga labule in wuce ne.

Aikina na farko a wani gida ne a unguwar Zaitawa, littafin fiƙihu mai kauri, cikin gafakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, kuma ba lambar shafi. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle, na kafa kyamara, na jera warƙoƙin a kan tabarma ina jin kaina kamar likita. Sai kawai yaran unguwa suka ɗauki ihun an kawo wuta. Ashe an bar fankar sama a kunne. Kafin in ce innalillahi, babin tsarki ya fita ta taga, babin gado ya shige ƙarƙashin gado, wata warƙa kuma na ƙwato ta da ƙyar daga bakin akuya.

Malam Sabo yana zaure, ba halin shiga, sai murya.

"Zulai, me ya faru?"

"Malam, littafin ne ya tashi!"

"To ki bi shi mana, tsayawa kika yi yi min bayani?"

A ranar na koyi cewa a ƙasan kowane shafi marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, kuma da ita ake mayar da littafi hayyacinsa. Har la'asar ina durƙushe ina haɗa kai da wutsiya. Tun daga nan, duk ɗakin da na shiga, kafin in gaida mai ɗakin sai na kashe makunnin fanka, ko da an yi wata ba a ga wuta ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai kyamara da sandarta mai ƙafa uku, wadda ƙafa ɗaya take zamewa in ba ki tokare ta da dutse ba. Akwai fitilu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada inuwar hannunki ta shiga tarihi. Akwai buroshi mai laushi na share ƙura da kashin kyankyaso, da ɗan kati mai launuka da ake ajiyewa gefen shafi don a san ainihin kalar tawada. Ba a lasar yatsa a buɗe shafi. Ba a shafa mai ranar aiki, ba a zuwa da ɗanyen lalle. Ke mai dogayen faratan can, gobe ki zo ba su, ko ki zauna a gida tare da su.

Masu littattafai kuma iri-iri ne. Akwai wanda yake ganin littafin kakansa zai saya masa gida, yana tsaye a kanki yana ƙirga numfashinki. Akwai wanda zai ce akwai aljanu a ciki, sai kin yi alwala kin yi sallama ga gafakar. Akwai wanda in kin gama sai ya ɗauko takardar fili da sakamakon jarrabawar ɗansa ya ce a haɗa. Amma tsofaffin mata su ne makaranta. Ba a ƙin abincin tsohuwa sannan a ga cikin adakarta. Za ta ajiye miki tuwo da miyar da man shanu ke yawo a kai, ta zauna tana kallonki, ga shi maiƙo shi ne babban maƙiyin takarda. Shi ya sa a jakata kullum akwai cokali da sabulu. An yi min dariyar cokalin nan har an gaji.

To in mun ɗauka ina hotunan suke zuwa? Wurin kwamiti. Ciyaman ɗinsa Farfesa ne, mutumin kirki mai dogon bayani. Sakatarensa Malam Habu, shi ke rubuta abin da aka ce, shi ke fassara, shi ke cewa ga inda za a zauna. Sauran malamai ne da 'yan boko, sai wata Baturiya da muke kira Madam, wadda ba ta taɓa zuwa ba, ta cikin kwamfuta take halartar taro, don a ƙasarsu injinan da ke riƙe da hotunan suke. Ba mace ɗaya 'yar gari a ciki, ba mai littafi, ba mu masu durƙuso. Dokarsu ɗaya ce kuma suna alfahari da ita: duk abin da aka ɗauka, a buɗe shi gaba ɗaya ga duniya.

Mummunar shekarata daga dokar nan ta fito. Na ɗauki littafin wata tsohuwa a Shahuci, na magungunan mata ne, na masu ciki da masu jego, da rubutun uwarta. Aka ɗora shi da sunan mijinta, wanda ko tafasa ruwa bai iya ba. Wani ɗan duniya ya sauke shi, ya buga, ya cika bayan mota, ya ɗaura lasifika. Ranar nan tsohuwar tana dawowa daga barka sai ta ji ana kwarara maganin uwarta a bakin titi, dalla-dalla, har da sunayen wuraren da ba a faɗa gaban yara, ana cewa a zo a saya kafin ya ƙare. Kafin sati ya zagayo duk wata adaka a cikin ganuwa ta rufe.

Shekarar nan na sha kunu. Gida-gida nake shiga, a karɓe ni da fara'a, a ba ni tabarma, a dama min kunu, a tambaye ni mutanen gida. Da na ce littafi sai a ce, "Wane littafi kuma, 'yar nan? Ai gara ta cinye." Na yi ƙiba, kyamara ta yi ƙura. Malam Sabo ya koma ɗaukar hoton 'yan makaranta. Aka fara maganar a rufe ɓangaren mata baki ɗaya, wato ni.

Duk matan kuwa ido suka zuba wa mutum ɗaya, Inna Tasalla ta Sheshe. Tsohuwar ungozoma ce, kuma jikar wata malama da ta koyar da matan unguwa karatu ta bar adaka guda ta rubutu. In Inna ta buɗe, kowa zai buɗe. In ta ƙi, in tafi in nemi tallan awara. Na yi ta zarya har ta gaji da ganina.

"Ke ja'ira, ba ki da gidan ubanki ne?"

"Inna, adaka nake so."

"Je ki gaya wa masu aiko ki, mu za mu ce wane shafi za a buɗe, wane za a rufe, da sunan da za a sa. In ba haka ba su je su ɗauki hoton kakanninsu."

Na kai saƙo. Madam ta ce dama sun daɗe suna cewa a sa mata da masu littattafai a kwamiti. Nan take aka ba Inna kujera. Da aka ce ba za ta iya zuwa makarantar da kwamiti ke zama ba saboda gwiwa, Malam Habu ya ce don girmamawa a kai mata taron har gida. Da ya san abin da zai biyo baya da ya haɗiye girmamawar.

Ranar taron, bayan azahar, maza suka cika zauren Inna, manyan riguna da turare. Aka ɗora kwamfuta a kan benci, Madam ta bayyana tana ɗaga hannu. Ita kuwa sabuwar 'yar kwamiti tana tsakar gida a kan kujerarta 'yar tsugunno, don ba za ta zauna cikin maza a zaure ba, ba ta taɓa ba. Aka ce ni ce 'yar aike. In ji na zaure in kai ciki, in ji na ciki in kawo zaure, Malam Habu ya juya wa Madam da Turanci.

Farfesa ya buɗe da bayani. Na kai. Inna ta ce, "Ce musu wanda bai san zafin naƙuda ba ba zai yanke min hukunci a kan maganinta ba." Na zo na faɗa yadda ta faɗa, ban rage ko wasali ba. Malam Habu ya gyara hula, ya dubi kwamfuta, ya ce da Turanci wai Hajiya tana godiya ƙwarai da wannan dama. Ni fa na gama sakandare. Na koma ciki, Inna ta ce a tambaye su wa ya ba su izinin sa sunan miji a littafin mace. Na kawo. Malam Habu ya ce wai Hajiya tana ƙara godiya. Madam sai murmushi take, tana dafa ƙirji.

Ana cikin haka Allah ya kawo ɗauki. Zauren Inna ginin ƙasa ne na da, bangonsa ya yi kaurin katifa biyu. Sabis ya ɗauke. Fuskar Madam ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe. Wani ya ɗaga kwamfutar sama, wani ya hau benci da ita, wani malami ya ce a juya ta gabas. Ni kuwa da na yi wata da watanni ina zaman gidan nan na san inda sabis yake: tsakar gida, tsakanin rijiya da turken akuya. Ban nemi izinin kowa ba. Na sunkuci kwamfutar na ɗaga labule na shige.

Farfesa ya biyo ni da sauri, ya zo bakin labule ya ja birki kamar an taka masa riga.

"Zulaihatu, a gaya wa Inna ko za a ɗan kimtsa mu shigo."

Na faɗa. Inna ta ɗaga murya yadda ba sai na kai ba. "Tun da mai gidan nan ya rasu ba namijin da ya wuce labulen nan sai mai yasar rijiya. Yasar rijiya ya zo yi?"

Farfesa ya ja da baya. Na kife turmi na ɗora kwamfuta. Madam ta farfaɗo, ta ga rijiya, ta ga akuya, ta ga tsohuwa ta kafa mata ido, ga matan maƙwabta sun fara ɓullowa ta ƙofar baya da mayafai a hannu.

"Wannan ce Madam ɗin?" in ji Inna. "Ba ta da uwa ne? Dubi wuya. Tambaye ta ta ci abinci?"

Sai da aka gama gaisuwa, har da tambayar gajiya da sanyin ƙasarsu, sannan Inna ta shiga magana, ni ina juyawa da Turancina mai ƙafa ɗaya. Ta ce a adakarta akwai waƙoƙin wa'azi na kakarta, waɗannan a buɗe su, duniya ta karanta, amma da sunan mai su. Akwai kuma magani, shi kuwa rabinsa ne a rubuce, rabin a baki yake, ba a ba da shi sai an ga mai nema an ba shi izini. Wanda ya haɗa rabin da ke takarda kaɗai zai iya kwantar da mai jego. Mai so ya zo, ya cire takalmi, ya tambaya. Madam ta daina murmushi ta fara rubutu. Ta ce to ina godiyar da ake ta yi ɗazu? Na ce ta ƙare.

Yanzu fa aiken ya juya. Maza ke bayan labule, ni ke kai musu. Farfesa ya tsaya ya yi jawabi mai kyau, kuma gaskiya akwai magana a ciki. Ya ce ilimi gadon al'umma ne, ɗalibar da ke wani gari mai nisa ba ta da kuɗin motar zuwa Sheshe ta cire takalmi, kuma in aka fara rufe shafi ɗaya ba a san inda za a tsaya ba, gara kuwa ba ta jiran kwamiti. Ya kawo misalai, ya koma tarihi, ya dawo. Na gaji da tsayuwa. Na shiga na ce, "Ya ce yana tsoron kowa ya rufe komai, gara ta cinye."

"Ba haka kaɗai na ce ba!" in ji Farfesa ta bayan labule.

"Wa ke mana ihu a gidan mutane?" in ji Inna.

Malam Habu ya kira ni gefe, yana huci. "Zulai, wannan ba amana ba ce. Mutum ya yi bayani mai tsawo kin mayar da shi loma ɗaya."

"Malam, ai na fi ka adalci. Ni ban ce yana godiya ba."

Inna dai ta ji maganar garar, don ta san ta. Ta ce to a ɗauki hoton komai, har maganin, a adana, amma mabuɗin na rufen ya zauna a hannun mata masu littattafan. Madam ta ce injinansu za su iya haka, sai dai kwamiti ne zai yanke. A yi ƙuri'a.

Ga inda abin ya lalace. A ƙa'idarsu ƙuri'a ɗaga hannu ce, kuma dole Madam ta ga hannun da idonta. Kwamfuta ba ta aiki a zaure, maza ba sa shiga ciki. Aka yi ta shawara, ƙarshe aka ce kowa ya zuro hannunsa ta gefen labule. Na juya turmi ya fuskanci ƙofa. Aka ce waɗanda ba su yarda da sharaɗin Inna ba su fara. Sai ga hannaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani da agogo, wani da carbi, ba fuska ko ɗaya, kamar labulen ne ya yi tsiro. Matan tsakar gida suka toshe baki da mayafi. Akuya ta matso ta shinshina na ƙasa.

Inna ta jawo kujerarta gaba ta ƙura ido.

"Wannan mai gajeren ɗan yatsa ba Ɗanlami ba ne, ɗan Hajiya Kande? Kai Ɗanlami! Ni na yanke maka cibiya, da ƙafa ka fito, ka kusa kashe uwarka. Da maganin adakar nan aka tashe ta. Yau ni kake ɗaga wa hannu?"

Hannun ya koma ciki a hankali. Ashe wani babban malami ne da rabon da a kira shi Ɗanlami tun yana yawo ba wando.

"Wancan mai tabon ƙuna kuma na san shi. A kunun kanwar uwarsa ya tsoma hannu, don kwaɗayi. In faɗi sauran?"

Bai jira sauran ba. Mai agogo ma ya janye tun ba a zo kansa ba. Haka suka yi ta zamewa har ya rage hannu ɗaya, na Farfesa, a miƙe, ba ya rawa. Inna ta dube shi ta dube shi.

"Wannan ban san shi ba, ba haihuwar unguwar nan ba ne. Amma yana da tsayuwa. A kai masa fura."

Da aka ce masu goyon baya, hannayen nan dai suka sake fitowa, har da masu ɗaga biyu. Inna ta ɗaga nata da muciya a ciki. Ban ce muku wannan ita ce ƙuri'ar da ta fi kowacce tsabta a duniya ba. Amma shekara da shekaru ana yanke wa matan nan hukunci ba su ma san an zauna ba, ba wanda ya ce ba tsabta.

Washegari Inna ta buɗe adaka. Sai da muka kwashe zannuwa da tasoshi da wata tsohuwar fitilar ƙwai kafin mu kai ga takardu. Na yi makonni a ɗakin nan, ta ware na buɗewa dama, na rufewa hagu, wani shafin ta canza ra'ayi a kansa har sau uku ina zaune. Waƙoƙin suna nan yanzu a intanet da sunan Malama Dije, kakarta, kuma an ce har wata ɗaliba a wata ƙasa tana rubutu a kansu. Sauran adakokin suka biyo baya. Garar da aka ce ta cinye littattafai duk ta amayo su, lafiya lau. Aikin da ya sa aka ɗauko ku ke nan.

Sai dai kwanan baya sanarwa ta fito daga Malam Habu. Wai saboda matsalar sabis, daga yanzu duk taron kwamiti a ɗakin taro na makaranta za a riƙa yi, a bene hawa na sama, kuma da Turanci don saurin aiki. Kujerar Inna tana nan, in ji shi, ba wanda ya taɓa ta. Tana nan mana. Gwiwar da za ta kai ta wurin ce babu.

Na je na samu Malam Sabo ina faɗa, ya bar ni na gama, ya ce, "Ke wa ya ce miki da ciyaman ake mulki? Mai zaɓar ɗaki shi ne sarki." Na koma na karanta ƙa'idar kwamitin daga farko har ƙarshe. Ba inda aka ce sakatare sai mai digiri, ba inda aka ce sai namiji, kawai wani ɗan kwamiti ya tsayar da shi. Inna ta ce ta tsayar da ni, in kuma na yi mata dogon Turanci ta sauke ni da kanta.

Bayan sallah za a yi zaɓen. Don haka ku koyi aikin nan da sauri, ku riƙe kyamara da kyau, don ni zan ɗan yi nisa da durƙuso. Takarar sakatare zan tsaya. Kuma kafin ranar zan zauna da Inna mu bi sunayen 'yan kwamitin nan ɗaya bayan ɗaya, ta gaya min waɗanda ta yanke wa cibiya.